Saya, Sayo, Sayar: Yadda Na Gane Python

Ba son kwamfuta ne ya kai ni ga Python ba, kundin lisans ne. Na tara kalmomin aikatau daga hirarrakin da na naɗa a kasuwar Maraɗi har suka fi ƙarfin takarda da biro, malamina kuma ya ba ni wata biyu in kawo su a jere, kowace da ajinta. Wani abokina na sashen lissafi ya ce, "Kai, koyi Python mana, aikin yini guda ne." Yinin nan nasa sati bakwai ya ci mini.

Sati biyu na farko a bidiyo suka tafi, tare da kuɗin intanet ɗina. Mutumin yana rubuta print ba tare da baka ba, ni kuwa in na kwafa sai na'ura ta ƙi. Ashe Python 2 yake koyarwa, wanda aka daina kula da shi tun farkon 2020, alhali Python 3 ya fito tun 2008. Daga ranar, kafin in buɗe darasi sai na duba shekararsa.

Abin da ya tsamo ni littafin Gérard Swinnen ne, wani malami ɗan Beljiyam: Apprendre à programmer avec Python 3. Da Faransanci yake, kyauta ake sauke shi, kuma ba ya gaggawa. Babi-babi na riƙa yin fotokofinsa. In an ɗauke wuta sai in gwada darasin a waya, cikin Pydroid 3, da babban yatsa. Think Python na Allen Downey ya fi shi gajarta, amma Turancina bai kai ba a lokacin.

Da na iso babin aji da abu da gado sai na cije. Duk inda na duba misali ɗaya ne: mota, kare, asusun banki. Na haddace, ban gane ba. Walla har na fara tunanin komawa ga takardata.

Wani dare ina bitar azuzuwan aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960, sai na ga abin a gabana. "Aikatau" shi ne babban aji: kowane yana da saiwa, yana da ma'ana. Saya, saye, sayar, sayo, sayu duk ƴaƴansa ne, sun gaji saiwa ɗaya, amma kowane da halinsa. Aji na biyu ma sauya wasalin ƙarshe yake: na sayi goro, na saye shi. Wato ɗa ya karɓi aikin da ya gada, ya sake masa fasali, daidai abin da littafin ya yi ta faɗa mini da haushin kare. Kafin asuba na rubuta azuzuwan nan bakwai, layi ƙasa da ɗari.

Saura abin da ban gani ba cikin duk darussan da na bi: baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Na buɗe fayil a Windows, ƙ da ɗ da ɓ suka koma tarkace, sai da na ƙara encoding="utf-8". Da na sa a jera kalmomin kuma, "ƙona" ta faɗa bayan "zauna", domin lambar ƙ a Unicode ta fi ta z girma. Dole na rubuta wa na'ura abacadar Hausa da hannuna, har da sh da ts a matsayin baƙi ɗai-ɗai.

Littafin NLTK na Bird da Klein da Loper, wanda aka yi don masu nazarin harshe irina, daga baya na karanta shi. Yana da kyau, sai dai galibin misalansa na Turanci ne.

Na kai jerin saura kwana huɗu. Malam ya duba, ya zagaye aikatau goma sha ɗaya da jan biro: tsarina ya cuɗa aji na ɗaya da na uku, domin duka da "a" suke ƙarewa a rubuce, ni kuma ban sa alamar karin sauti ba.