Watari: Ruwa Ga Shi, Sai Dai Wa Zai Kai Shi Famfo?

Da hantsi na bar titin Kano zuwa Katsina a Bichi, na kama hanyar Bagwai. Lokacin kaka ya wuce, gonakin dawa duk an girbe, sai kara a jingine da bishiyoyin dorawa da kuka. Ƙauye na bin ƙauye, babu fegin da ba a noma ba. Kafin in ankara sai ƙasa ta canja launi: kore shar, albasa da tumatir da masara, ga ruwa na gudu a cikin magudanai.

Madatsar Watari ke nan, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970, cikin jerin madatsun da Jihar Kano ta yi bayan farin da ya addabi ƙasar nan a farkon waɗannan shekaru. Na tsaya a kan gaɓa ina kallon masunta a kwale-kwale, shanun Fulani na shan ruwa a can gefe, yara na wanka suna ihu.

Masu jiran wannan ruwa suna da yawa. Akwai manomin rani da ke ƙasan madatsa, akwai masunci, akwai makiyayi, sannan akwai matatar ruwa ta Watari da aka tsara ta tace lita miliyan 75 a kullum domin birnin Kano da garuruwan kan hanya. Kowa na da gaskiyarsa. Idan ruwa ya ja baya a watan Afrilu, wa za a fara ba? Wannan tambaya ba manomi ke amsa ta ba, a ofis ake yanke ta.

Wani dattijo da na tarar yana gyara kwami ya dube ni ya ce, “Malam, ruwa ai Allah ya ba mu. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne man inji.” Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk wanda gonarsa ba ta kan magudana sai ya yi lissafi kafin ya tayar da injin ban ruwa. Masu hali sun fara komawa sola.

Matsalar dattijon nan ita ce ta matatar ruwa, sai dai tata ta fi girma. Ruwa ba ya tafiya Kano da ƙafarsa. Manyan injuna ke tura shi, su kuwa wuta suke ci. Matatar ta Hukumar Ruwa ta Jihar Kano ce. Wutar kuma kamfanin KEDCO ke rarraba ta a Kano da Katsina da Jigawa tun da aka sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013. Farashi kuwa hukumar NERC ce ta daɗe tana yanke shi daga Abuja, kuma a Afrilun 2024 ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Idan wuta ta ɗauke, sai janareta da dizal. Mai famfo a birni kuwa, in ya ga ruwa bai zo ba, sai ya ƙi biyan kuɗin wata, ya kira ɗan garuwa. Hukuma ta rasa kuɗin shiga, gyara ya tsaya, ruwa ya ƙara ƙaranci.

Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu da kansu. Kano na da tashar wuta a madatsar Tiga, ga rana da ba ta yi mana rowa. Abin da ya rage shi ne mai ruwa da mai wuta su zauna a tabarma ɗaya.

Da la’asar na kama hanyar gida. A bakin wani ƙauye da ke kusa da madatsar, na ga yarinya da jarka biyu tana bin layin rijiyar burtsatse.