Yadda Jirgina Ya Faɗi

Duk wanda ya tashi a ƙauye ko a unguwannin bayan gari ya san motar kara da motar langa-langa. Ni ma da su na soma. Bayan an yi girbi sai mu bi gonaki mu tsinto karan dawa, mu feƙe bayansa, mu riƙa soka tsinkayen cikin ɓargon har mota ta tashi da ƙafafunta huɗu. Abokaina sun tsaya a kan mota, ni kuwa jirgin sama ne ya shiga raina. Sai dai duk wanda na ƙera, in na jefa shi, ƙasa yake nufa kamar dutse.

Mahaifina mai gyaran keke ne, rumfarsa na bakin kasuwar garinmu. Bai taɓa shiga jirgi ba, kuma bai taɓa hana ni wannan wasa ba. Abin da yakan ce kawai shi ne in mayar masa da filayarsa inda na ɗauka.

Da na shigo jami'a sai na gane ashe abin da nake yi da kara wasu manyan mutane sun mai da shi abin yi na gaske. Suna ƙera ƙananan jirage masu tashi sosai, mutum na tsaye a ƙasa yana sarrafa su da rediyo. Na karanta labarin wani dattijo Ba'amurke, Maynard Hill, wanda a shekarar 2003, yana da shekara 77, ga shi idanunsa sun kusa mutuwa, ya ƙera jirgin da nauyinsa bai wuce kilo 5 ba. Jirgin nan ya tashi daga Kanada ya ƙetare tekun Atlantika ya sauka a Ailan, tafiyar kilomita fiye da 3,000, cikin awa kusan 39. Daga ranar ban sake samun sukuni ba.

A ƙasashen Turai da itacen balsa aka saba yin irin waɗannan jirage, saboda rashin nauyinsa. Ni ba ni da balsa, sai na koma ga farin fom ɗin nan da ake naɗo firji da talabijin a ciki. Da reza da gam na yanke fukafuki mai tsawon mita 1, na yi gangar jiki da wutsiya. Amma akwai abubuwan da ba a tsintar su a bola: injin lantarki da farfelarsa, da batir, da 'yan ƙananan injuna biyu masu jan leɓunan wutsiya, da kuma na'urar rediyon da ake riƙewa a hannu. Waɗannan sai da kuɗi.

To, a nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. A farkon zangon karatu Inna ta sayar da akuyarta ta ba ni kuɗin, ta ce in sayi littattafai da abinci. Na kashe fiye da rabinsu a kan kayan jirgi. Na yi wata biyu ina shan gari da ƙuli-ƙuli, ina aron littafi wurin abokai, in na yi waya gida kuma in ce komai lafiya lau.

Da aka yi hutu na tafi da jirgin gida cikin kwali. Na ce wa Baba aikin makaranta ne. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya ɗora shi a kan tafin hannunsa, sa'an nan ya ce, "Bayan nan ya fi gaban nauyi. Ka auna shi kuwa?" Na ce, "Baba, ai wannan ba keke ba ne. Yadda na gani a intanet haka na yi." Ya dube ni, ya miƙo mini, bai ƙara cewa komai ba.

Da la'asar muka fita filin ƙwallo na bayan gari, yara sun biyo ni kamar ana wasan kura. Ƙanena ya riƙe jirgin, na murɗa inji, na ce ya jefa. Wallahi ya tashi! Amma ko murna ban gama ba sai ya ɗaga hanci sama kamar doki ya yi turjiya, ya tsaya cik, ya juyo ya faɗo da ka. Fukafukin ya rabu biyu, farfela ta karye, inji ya shige cikin rairayi. Ƙanena da ke duba agogo ya ce daƙiƙa 9. Yara suka yi ta shewa, ni kuwa abin da nake gani a ƙasa akuyar Inna ce.

Da dare na kasa cin tuwo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, don haka na je na durƙusa gaban su biyun na faɗi gaskiya, cewa ba aikin makaranta ba ne, da kuma inda kuɗin suka fito. Inna ta yi shiru, sai can ta ce, "Da ka tambaye ni, da mai yiwuwa na ba ka. Yunwar da ka zauna da ita ce ta fi ɓata mini rai." Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Baba ya ce kuɗi kam sai na biya, kuma a rumfarsa zan nemo su. Haka na yi mako shida ina facin taya da ɗaure sarƙa, duk abin da na samu na kai wa Inna.

Ran nan muna rumfa sai ga wani manomi ya ɗaure buhun masara can ƙarshen kariya. Yana hawa, ƙafar gaba ta ɗaga, ya kusa kifewa. Baba ya taɓa ni ya ce, "Ka ga jirginka." Da na koma makaranta na binciki littattafai, sai na tarar maganarsa ce a rubuce. Ana ɗora jirgi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafuki, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗinsa daga gaba. In ya zauna daidai, ko hancin ya ɗan sunkuya, to, zai tashi lafiya. In wutsiya ta rinjaya, hanci zai yi ta ɗagawa har iska ta daina riƙe fukafukin, jirgi ya faɗo. Ni kuwa a bayan fukafuki na ajiye batir, don nan ne ya fi sauƙin shiga. Lalle abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

A cikin wannan binciken ne kuma na tarar cewa 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi da jirgi mai inji ran 17 ga Disamba, 1903, sana'ar keke suke yi. Tashinsu na farko daƙiƙa 12 ne. Da na gaya wa Baba sai ya yi dariya ya ce ashe da uku kawai suka fi ni.

Jirgi na biyu tare muka yi shi a hutun da ya biyo. Inji da rediyo ba su lalace ba, farfela kawai na saya, da kuɗin gumina. Baba ya ba ni waya daga tsohuwar ƙafar keke muka yi sandunan da ke tura leɓunan wutsiya, shi ne kuma ya ɗora jirgin a kan yatsunsa, ya sa na yi ta matsar da batir gaba har ya ce ya isa. Wannan karon ya zagaya filin sau uku kafin in sauke shi cikin ciyawa. Na miƙa wa Baba rediyon ya gwada, ya ƙi, ya ce shi nasa ya ƙare a kan awo.

'Yan'uwana ɗalibai, jirage sun soma sauka a Kano tun 1925, an kuma kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya tun 1964, amma har yanzu da yawanmu kallon jirgi muke yi kamar abin da hannunmu ba zai iya ba. Wanda ke da sha'awa ya gwada, fom da reza ba su da tsada. Sai dai ya tashi jirginsa a fili, nesa da jama'a da wayoyin lantarki da filin jirgin sama. Kada kuma ya taɓa kuɗin karatunsa, kuma in wani dattijo ya ce masa bayan ya fi gaban nauyi, ya tsaya ya auna. Allah ya ba mu sa'a, amin.