Dutsen Arlit da rumbun Agiye

Manoma da makiyaya, duk wanda ya kunna radiyo a shekarun ga sai ya ji kalmomi biyu suna ta dawowa: uraniyom da nukiliya. Suna cikin labarin Nijar da Faransa, suna cikin labarin Rasha da Yukren, suna cikin labarin Iran. Da yawa cikinku kuna jin su kamar cidar hadarin wata ƙasa, wanda ba shi jiƙa gonar kowa a nan. To, akwai wani tsoho a ƙasar Gazawa da bai yarda da haka ba. Ga labarinshi, ga kuma dalilinshi.

Abin da ya gani a Arlit

Tsohon ga manomi ne, ɗan manomi. Farin 1973 ya kore shi daga gida shina saurayi. Hatsi bai yi ba, bisashe sun mutu. Sai ya shiga mota ya yi arewa, ya wuce Agadas, ya sauka Arlit. Lokacin nan garin sabo ne, an kafa shi tsakiyar hamada saboda dutse guda. Turawan Faransa suka fara ganin dutsen a Azelik a 1957, suna neman jan ƙarfe. A 1971 aka fara fitar da shi daga Arlit.

Ya yi aikin lebura wajen shekara goma. Ya ga rami wanda ƙauyensu duka zai shiga ciki har da gonaki. Ya ga injuna suna fasa dutse, suna niƙa shi, ana wanke shi da ruwa mai ci irin na batir. A ƙarshe sai wani gari rawaya shi fito, a ɗura shi cikin gangunan ƙarfe, a rufe. Manyan motoci su ɗauka su yi Tawa, su yi Doso da Gaya, har bakin teku a Kotonu. Daga nan jirgin ruwa shi kai shi Faransa. 

Ya komo gida da kuɗin amalanke da shanun noma biyu. Ya komo kuma da tambaya wadda ba ta bar shi ba har yau: garin ga rawaya, mi ake yi da shi?

Garin da ke da fuska biyu

Amsar ita ce, abu biyu ake yi da shi. Amma sai an tace shi tukuna. Mata sun san tankaɗe. A cikin uraniyom akwai wani iri mai ƙarfi, shi ake nema. Cikin kashi 1,000, kashi 7 kaɗai ne irin nan. Aikin tacewa shi ne a yi ta rage sauran, mai ƙarfin shi ƙaru. In ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ya isa a dafa ruwa da zafinshi, tururi shi juya inji, a samu wutar lantarki. In aka ci gaba da tacewa har wajen kashi 90 cikin 100, ya zama abin haɗa bom. Nijar ba ta tacewa. Garin kawai ake fitarwa.

Faransa tana samun wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya. A 2022, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na uraniyom ɗin da ƙasashen Tarayyar Turai suka saya daga Nijar ya fito. A Nijar kuwa, cikin mutum biyar da ƙyar ɗaya ke da lantarki, mafi yawansu a birane. Tsoho in ya zo nan sai shi ce: ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Fuska ta biyu duniya ta gan ta ran 6 ga Agusta 1945. Amurka ta jefa bom guda a Hiroshima, birnin Japan. Kafin shekara ta ƙare mutum wajen 140,000 sun mutu. Kwana uku bayan na farko aka jefa na biyu a Nagasaki. Yawancin dutsen da aka yi aikin da shi daga Afirka aka haƙo shi, a ƙasar Kwango.

Gardama a gona

Akwai wani makiyayi da ke sauka gonar tsohon ga kowane rani. Shanu su ci kara, gona ta samu taki. Wata maraice suna sauraren labarai tare, aka yi maganar Iran. A watan Yuni 2025 ne Isra'ila da Amurka suka kai hari wuraren da Iran ke tace uraniyom.

Makiyayi ya ce, “Baba, kashe radiyon ga. Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Bom bai san hanyar Gazawa ba.”

Tsoho ya ce, “Ɗana, kai ka san hanyar Yukren?”

Ya ce, “A'a.”

“To, da aka fara yaƙi can a 2022, nawa aka sayi buhun takin zamani a nan? Ba ka je wurinsu ba, amma sun zo aljihun manomi.”

Makiyayi ya yi shiru. Tsoho ya ƙara tuna mishi da 2023. Ran 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi. Aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zowa daga can. Mai kai bisa kasuwar Jibiya ya rasa hanya. Mai aya da wake a Cadawa da Gazawa ya rasa masu saye na kudu. Sai a watan Maris 2024 aka buɗe iyakar. Shawarar da aka yanke a manyan ɗakuna, a kasuwar ƙauye aka biya kuɗinta.

Makiyayi ya ce, “Wannan siyasa ce, Baba. Ina ruwanta da dutsenku?”

Dutse da siyasa tare suke tafiya

Tsoho ya ce bai taɓa ganin sun rabu ba. Ga abin da tarihi ya riƙe.

A farkon 1974 Shugaba Jori Hamani ya nemi Faransa ta ƙara kuɗin uraniyom. Ana cikin magana, ran 15 ga Afrilu sojoji suka sauke shi, Seyni Kunce ya hau. Yunwa na cikin dalilan da aka faɗa, amma har yau mutane suna haɗa abu biyun. Bayan nan kuɗin dutse ya tashi. Aka yi gine-gine a Yamai, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit. A farkon shekarun 1980 kuɗin ya faɗi, bashi ya rage a wuyan ƙasa, ga farin 1984 ya biyo baya.

A 2003 sunan Nijar ya shiga bakin duniya. Aka fito da takardu cewa Iraƙi ta nemi sayen uraniyom a Nijar. Hukumar duniya mai sa ido kan nukiliya ta duba, ta ce takardun na jabu ne. Duk da haka a watan Maris Amurka ta shiga Iraƙi da yaƙi. Ba a samu bom ɗin nukiliya ko ɗaya can ba. Mutanen da ba su san komi ba suka mutu, ƙarya da sunan dutsen Nijar na cikin abin da aka kafa hujja da shi.

Sai na kwanan nan. Sojojin Faransa sun fita a ƙarshen 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024. A watan Yuni 2024 gwamnati ta karɓe izinin haƙa a Imuraren daga hannun kamfanin Faransa mai suna Orano. A watan Yuni 2025 ta mai da SOMAIR, mahaƙar Arlit, mallakar ƙasa. Orano ya kai ƙara gaban masu sasanci na duniya. A shekarar nan dai Nijar da Rasha suka sa hannu kan takardar haɗin kai a aikin nukiliya na lantarki. Ke nan masu son garin ga rawaya ba su ragu ba. Sun ƙaru.

Ƙura ba ta san iyaka ba

Makiyayi ya yarda da wannan, amma ya tsaya kan maganarshi: wa zai ɓata bom a kan bukka?

Nan tsoho ya nuna arewa da sandarshi. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bom ɗinta na farko a Reggan, cikin hamadar Aljeriya. Ya fi na Hiroshima ƙarfi wajen sau huɗu. Daga 1960 zuwa 1966 gwaji 17 ta yi a hamadar nan. Taswirar sojan Faransa da aka bayyana a 2014 ta nuna ƙurar gwajin farko ta kai Afirka ta Yamma. Najeriya ta kori jakadan Faransa a farkon 1961 saboda gwaje-gwajen nan. Kowa ya san daga ina iskar hunturu take busowa. Guba irin wagga ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ido ba shi ganinta. Sai bayan shekaru ta fito a jiki da ciwo.

Amma babban abin tsoro ga manomi ba wuta ba ne. Yunwa ce. Ku tuna ranar hazo mai nauyi, rana ta zama kamar faifai, ana kallonta ido buɗe. Hazo kwana kaɗan yake yi shi wuce. In manyan birane masu yawa suka ƙone lokaci guda, hayaƙinsu zai hau sama da girgije, inda ruwan sama ba shi wanke shi. Zai yi shekaru can shina tare rana. To, damana a ƙasar ga zafin rana ke jawo ta. Ƙasa ta yi zafi, iska mai laima ta taso daga teku, hadari shi haɗu. In rana ta raunana, damana ta raunana. Hatsi ba shi kai ba, ciyawa ba ta fito ba.

A 2022 wasu masana suka yi lissafin wannan. Suka ce in Amurka da Rasha suka yi yaƙin nukiliya gaba ɗaya, mutum fiye da biliyan 5 na iya mutuwa da yunwa. A 1973 da 1984 da 2005 taimako ya zo daga waje, ko da a makare. A wannan karon masu kawo taimakon su ma ba su da abin ci.

Yau ƙasashe 9 ke da makamin: Amurka, Rasha, Ingila, Faransa, Sin, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa da Isra'ila, wadda ba ta taɓa amsawa da bakinta ba. Jimilla wajen 12,000 ne, kusan kashi 9 cikin 10 a hannun Amurka da Rasha. A 2023 Rasha ta dakatar da aiki da yarjejeniya ta ƙarshe da ke ƙayyade yawan makaman tsakaninsu a lokacin. Masu shi suna hana wasu yi, su kuwa ba su aje nasu ba. Wanzami ba shi son jarfa.

Sai dai ajewa mai yiwuwa ce. Afirka ta Kudu ta haɗa bom 6, ta kwance su da hannunta a farkon shekarun 1990. A 1996 ƙasashen Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar Felindaba, cewa ba a yi, ba a gwada, ba a aje makamin a ƙasar Afirka. Ta fara aiki a 2009.

Mi ke hannun talaka?

Makiyayi ya ce, “Na ji, Baba. To mu mi za mu yi? Sanda gare ni.”

Tsoho bai ce za su hana yaƙi ba. Abu uku ya lissafa.

Na farko, kiyaye jiki. Samarin Agiye da Gidan Rumji suna zuwa arewa ci rani. Masu bincike da suka je Arlit a 2003 da 2009 sun samu tsofaffin ƙarafa masu guba a kasuwa. Kada a sayi ƙarfe ko ganga da ta fito daga wurin haƙa don rufin ɗaki, ko tukunya, ko aje ruwa. Arha ce mai tsada. Mahaƙar Akokan da aka rufe a 2021 ta bar tarin sharar dutse wajen tan miliyan 20. Kada a kai bisa kiwo kusa da irin wurin nan.

Na biyu, kiyaye rumbu. Tashin hankalin duniya, babba ko ƙarami, ta kasuwa yake shigowa ƙauye. Wanda ya sayar da hatsinshi duka da kaka, shi ke fara kuka in iyaka ta rufe. Bankin hatsi na gari, da irin shuka na gida, da gawon da aka bari ya girma a gona kamar yadda mutanen Ɗan Saga suka yi, su ne garkuwar da ke hannu.

Na uku, tambaya. Dutsen ga dukiyar ƴan ƙasa ce duka, na Arlit da na Gazawa. Mai kai buhun aya kasuwa ba shi juya baya lokacin awo. Haka ya kamata a yi da uraniyom, ko wane ne mai saye. Tan nawa aka fitar bana? Nawa aka sayar? Wa ya saya, mi zai yi da shi, wa ke duba shi? Nawa ya shiga rijiya da makaranta da gidan likita? Wa zai rufe sharar da aka bari? Ana iya yin tambayoyin ga a taron gari, gaban mai gari da wakilan hukuma, cikin ladabi. Mai dukiya ne ke tambayar dukiyarshi.

Rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya karanta wannan shi karanta ma wanda bai iya ba tukuna, a gona ko a mashaya. Allah shi kiyaye duniya daga wutar ga, shi ba da damana mai albarka.