Tsuntsayen Nima da sunayen da suka rage a bakin mutane

Ranar Laraba ce babbar ranar kasuwar Nima a Accra, kuma tun da hantsi hanya ke cushewa da motocin trotro da masu dakon buhunan masara da albasa. A ɓangaren masu kaji na fi daɗewa. Ga kejuna jere, ga zabin da aka kawo daga arewacin Ghana suna ta kuka, masu ciniki kuwa da Hausa suke yi, ko da mai sayen Bazabarme ne ko Badagombe.

Nima ta kafu ne a shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, dillalin shanu, ya zauna a nan bayan birni. Yau babu filin kiwo, gida ya haɗe da gida har unguwar Maamobi, babban kwalbati ne kawai ya raba unguwannin biyu. Duk da wannan matsi, kiwon tattabaru bai mutu ba. A bayan ɗakuna za ka ga akwatunan katako da tsofaffin jarkoki an yanka musu ƙofa an kafe a bango. A ciki tattabara ke tara tsinkayen sheƙarta, ta saka ƙwai biyu, mace da namiji su riƙa karɓa-karɓar kwanci har wajen kwana 18 kafin a ƙyanƙyashe. Masu kiwon nan ba su rasa kalma ko ɗaya ba: sheƙa, kwanci, ɗan shila, akurki, duk suna bakinsu, har yaransu ma. Sun san shirwa sarai, domin ita ke shawagi bisa rufin kwano tana neman ɗan tsako. Hankaka kuwa ya cika gari.

Inda abin ya dame ni shi ne tsuntsayen da ba a kiwo. Yaron Nima zai ce maka "ungulu da kan zabo" daidai wurin da ya dace, amma ungulun kanta ta yi ƙaranci a Accra. Shamuwa, wadda manomin Katsina ko Maraɗi ke ganin zuwanta ya san damina ta ƙarato, a arewa take sheƙa kan kuka da rimi, don haka yaro a nan ba shi da inda zai gan ta. Aku ma, da dazuzzukan Ghana suka yi suna da shi, binciken da aka buga a 2015 ya nuna aƙalla kashi 90 cikin 100 sun ɓace tun daga 1992, saboda kamu don sayarwa da saran itatuwa. Da na nuna wa wasu samari sheƙar kabare tana reto a reshe, saƙar da namiji ke yi da ciyawa ƙofarta na kallon ƙasa, "gidan tsuntsu" kawai suka ce. Ba su yi kuskure ba, amma kakanninsu da sunan mai gidan za su faɗa.

Dajin Achimota da lambun Legon ba su da nisa da Nima, haka tafkin Sakumono da ke hanyar Tema, inda tsuntsayen ruwa ke taruwa. Malaman makarantun zango da dattawan da suka tashi a arewa, ku ɗebi yaran nan ku kai su, ku nuna musu kurciya da belbela da zalɓe, ku faɗa musu sunan kowanne da Hausa.