Shafi Huɗun Da Na Tsallake

Wannan makon ni layi ya biyo ta kaina. Na kawo muku labarin wani kwas da na yi ta intanet bara, da yadda na kusa zubar da kuɗin yayana saboda ƙyuyar karanta shafi huɗu. Ku yi haƙuri ku bi ni, zancen zai dawo kanmu.

Bayan na gama difloma a fannin kasuwanci, sai na zauna gida ina jiran aikin da bai zo ba. Yayana tela ne, yana da shago da yara biyar, ni nake riƙe masa littafin karɓar ɗinki. Shi ya biya mini kuɗin wani kwas na mako 12 da wata jami'a ta Indiya take bayarwa, a kan ilimin tsara aiki da tafiyar da shi: yadda aiki ke shigowa, ya bi hannu-hannu, ya fita a kan lokaci ba tare da asara ba. Da zai tura kuɗin ya ce, "Ki koyo mana abin da zai raba ni da rigimar sallah."

Ranar farko aka aiko mana da takarda mai shafi huɗu, ta dokokin kwas da abin da ake buƙata daga ɗalibi. Na leƙa ta sama-sama na wuce wurin bidiyo. A makaranta mun saba wakilin aji ne yake faɗa mana komai, idan kuma ka makara sai ka bi malami ofis da ban haƙuri. Na ɗauka nan ma haka ne.

Aikin farko mai maki 15 ya zo a mako na uku. An rubuta za a rufe karɓa ranar Lahadi ƙarfe 11:59 na dare. Na gama shi tun Asabar, na ajiye don in ƙara dubawa. Ranar Lahadi na yi wanki, na yi girki, bayan Isha'i wajen takwas da rabi na zauna zan tura. Na tarar an rufe. Ashe da agogon Indiya ake lissafi, su kuma suna gabanmu da awa huɗu da rabi. Ƙarfe 11:59 nasu ita ce 7:29 tamu, lokacin ina tsaye a kan tukunya.

Na rubuta wa malamin doguwar wasiƙa, na zuba uzurin wuta da na data, waɗanda a gaskiya ba su ne suka hana ni ba. Bayan kwana biyu ya amsa cikin ladabi, layi uku kacal, ya ce in duba shafi na biyu. A daren na karanta takardar daga farko har ƙarshe, ina jin kunyar kaina.

Komai yana ciki. An faɗi agogon da ake bi. An ce ɗalibi ya ware awa shida zuwa takwas kowane mako. Akwai gajeriyar jarrabawa duk mako, sannan dole ka rubuta ra'ayinka a zauren tattaunawa, ka kuma amsa wa abokan karatu biyu da hujja, "na yarda da kai" ba ta samun maki. Wanda ya kwafi aikin wani ko ya ɗauko daga intanet bai faɗi inda ya samo ba, sifili ne, in ya maimaita a cire shi. Mai uzuri ya sanar kafin lokaci ya cika, bayan an rufe babu magana.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini shi ne shafi na ƙarshe, inda malamin ya ɗaure kansa shi ma. Zai amsa wasiƙa cikin kwana biyu na aiki. Zai dawo da maki cikin mako guda. Ya kuma nuna tun farko yadda zai raba makin kowane aiki. Har kwas ya ƙare bai saɓa ko ɗaya ba.

A mako na biyar na gane dalilin tsaurin. Aka koya mana wata ƙa'ida da John Little ya tabbatar a 1961: yawan aikin da ke jibge a wuri daidai yake da saurin shigowarsa sau tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya fita. Na ɗauko littafin shagon Yaya. Suna gama ɗinki shida a rana. Kafin ƙaramar sallah ya karɓi 180. Wato na ƙarshe sai ya jira kwana 30, alhali kowa an ce masa mako biyu. Ƙaryar tela da ake ta zagi, a shagonmu dai lissafi ne ba a yi ba.

Daga nan muka karanta tunanin Eliyahu Goldratt, mai littafin The Goal na 1984. Ya nuna cewa kowace ma'aikata tana da matsattsiyar ƙofa guda, kuma abin da ya iya wucewa ta nan shi ne iyakar abin da za ta fitar. Kekunan ɗinkinmu huɗu ne, injin aikin wuya ɗaya. Ko an ƙaro keke goma, riguna a gaban injin nan za su taru. Muka kuma ga tsarin kanban da Taiichi Ohno ya kafa a kamfanin Toyota, inda ba a fara sabon aiki sai na gaba ya nuna yana da wurin karɓa. Nan na fahimci malaminmu. Duba aikin ɗaruruwan ɗalibai shi ne matsattsiyar ƙofarsa. Da ya bar kowa ya kawo lokacin da ya ga dama, alƙawarin mako guda da ya yi wa sauran ya rushe.

To, ga inda zancen ya dawo kanmu. A lokacin ina da littafi huɗu a buɗe. Ɗaya na kuɗi ne a WhatsApp, na yi wa masu karatu alƙawarin shafi kullum, na tsaya a shafi na 37 wata biyu cur. Kullum saƙo: "Anti, shiru?" Wata ta nemi in mayar mata da kuɗinta, na ji haushi har na kai ƙararta wurin ƙawata. Ina cewa alƙalami ne ya ƙi. Da na auna kaina yadda na auna shagon Yaya, sai na ga labari ba ya yanke mini. Bugawa a waya da gyara ne matsattsiyar ƙofata, kuma awa biyu kawai nake da su bayan Isha'i. Ƙarfina shafi uku ne a mako, na sayar wa mutane bakwai.

Na ajiye littafi uku. Na mayar wa baiwar Allah nan kuɗinta tare da ban haƙuri. Sannan na rubuta tawa takardar dokokin na manna a saman zaure: shafi zai fito Litinin, Laraba da Asabar, ƙarfe tara na dare agogon Najeriya da Nijar, wato takwas a Gana, sha ɗaya a Saudiyya. Idan uzuri ya taso zan faɗa kafin lokaci. Idan na yi mako biyu shiru, mai son kuɗinsa ya karɓa. Ban koma sakin labarin ba sai da na tara shafi goma a ajiye. Cikin wata huɗu littafin ya kammala, shi ne na farko da na taɓa kai wa ƙarshe.

Kwas ɗin na ci, amma makin nan 15 sun sauko da ni mataki guda, kuma haka yake rubuce a takardar shaidata. Yaya kuwa ya yarda muka tsayar da adadin ɗinkin babbar sallah, sai abokai da surukai suka zo, kunya ta hana shi cewa a'a. Rigimar ta ragu, ba ta ƙare ba. Muna nan muna fama.

'Yan uwa, kafin ku rubuta "sabon littafi na nan tafe", ku ƙirga shafi nawa kuka gama a makonni huɗun da suka wuce, ku raba huɗu. Wannan adadin za ku yi wa masu karatu alƙawari. Ina so in ji naku, kuma littafi nawa ne a buɗe a wayarku yanzu. Allah ya ƙara basira.