Kalaba Da Macijin Da Ya Ɗauki Sunanta

Matafiyin da ya bar unguwar Bogobiri a birnin Kalaba, ya kama hanyar Akamkpa, ba zai daɗe ba sai ya ga gonakin roba da na kwakwar manja sun fara ja da baya, kurmi ya haɗe. Nan ne dajin duwatsun Oban, wanda aka shigar cikin Gandun Dajin Kuros Riba a 1991. Ƙasar wurin ba ta rabuwa da laima, ganyaye kuwa jibge suke a gindin itatuwa suna ruɓewa.

Ƙarƙashin ganyayen nan wani ɗan maciji yake zaune, wanda da ƙyar yake kai ƙafa uku. Baƙi-baƙi ne da ɗigon ja, ba shi da dafi, jelarsa kuma dunƙule take tamkar kai. In ya tsorata sai ya naɗe kamar ƙwallo, ya cusa kansa a tsakiya, ya bar jela a waje tana motsi. Abincinsa 'ya'yan ɓera ne, yana bin su har rami ya matse su da bango.

A 1858 wani masani Baturen Ingila, John Edward Gray, ya raɗa wa jinsinsa suna Calabaria, don tunawa da garin da aka samo shi. Daga nan gardama ta tashi. Mesa ƙwai take yi, alhali yawancin macizan bowa, 'yan uwanta na Amurka, haihuwa suke yi. To, shi wannan ƙwai yake yi, manya-manya, ɗaya zuwa uku, saboda haka fiye da shekara ɗari ana kiransa mesar Kalaba. Sai a 1993 Arnold Kluge na Amurka ya duba ƙasusuwansa, ya ce ai bowa ne. Binciken ƙwayoyin halitta ya goyi bayan raba shi da mesa, amma ya nuna ba shi da ɗan uwa na kusa, har wasu masana suka ware masa dangi shi kaɗai. Sunan mesa dai ya riga ya zauna a baki.

Manomin da ke sharar gona a gefen Oban bai san da wannan gardama ba. Shi maciji mai kai biyu ya gani, kuma adda tana hannunsa. Masu yankan katako kuwa kullum ƙara kutsawa suke yi cikin kurmin, inda suka wuce rana ta busar da ganyayen da yake kwana a ciki.