Ƙaramar Kwalba da Babba a Kilomita Biyar

Duk wanda ya biyo titin Boganda daga tsakiyar Bangi ya iso Kilomita Biyar da rana tsaka, ƙishirwa ce za ta fara yi masa maraba. Daga bakin kasuwa har zuwa Babban Masallacin Kuduku, inda Fafaroma Francis ya sauka a 2015, da wuya ka wuce shago uku ba ka ga akwatunan lemo jibge a ƙofa ba. Wani daga masana'antar MOCAF ta Bimbo ya fito, wani kuwa manyan motoci suka ɗauko shi tun daga Duwala, ta Garwa-Bulai da Buwar.

To, jama'a, ga abin da ke ɗaure mana kai. Babbar kwalba ta ninka ƙarama a ruwa, amma ba ta ninka ta a kuɗi ba. Dalili shi ne ruwan da sukarin ba su ne tsadar ba. Kwalbar ce, da murfi, da wanki, da kuɗin mota, da sanyi, don wutar da ke zuwa mana daga Bowali bi da bi take zuwa, mai shago kuwa sai ya sayi ƙanƙara. Kowace kwalba sai ta biya wannan, ko ƙarama ko babba. Saboda haka ɗan dako da ɗan makaranta, waɗanda ƙaramar kaɗai aljihunsu ke kaiwa, su ne ke sayen kowane kurɓi da tsada. Alhajin da ya ɗauki akwati guda don suna shi ne mai samun rangwame.

Sai kuma maganar canji. Mu nan da dala muke ƙirga, sefa 5 ke nan, amma yaushe rabon da a ga dala a hannu? Bankin BEAC ya fito da sababbin silalla a 2025, har da ta sefa 200, saboda ƙarancin ya yi yawa. In babu canji, kuɗin kaya sai ya hau zuwa inda silalla ta tsaya, ko a cika maka da alewa.

Duk da haka masu sarin lemo ba su fasa aiko samarinsu da riga mai tambari ba. Su ƙirga akwatuna, su cika takarda, su manna farashi a bango, su ɗauki hotonsa. Mai shago ya ba su kujera, ya ce sannunku da aiki, suna juya baya ya jingina buhun shinkafa a kan takardar.